Jagorar Koyon Furta Ra-gare da Sanin Ma'auninsa a Harsunan Duniya

Ra-gare shi ne sunan da masana ilimin furuci a Hausa suka laƙaba wa sautin nan na "r" da ake jin tsinin harshe yana karkarwa a bayan haƙoran sama yayin furta shi, irin wanda ke fita a ƙarshen "biyar" idan mai ciniki ya ja kalmar da ƙarfi. A tsarin alamomin sauti na duniya, wanda aka fara fitarwa a 1888, shi kaɗai aka bar wa ƙaramin harafin [r], sauran danginsa kuwa kowanne aka ba shi tasa alamar: [ɾ] ga wanda harshe ke taɓa hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran sama, sau ɗaya tak, [ɽ] ga wanda ake naɗe harshe a kaɗo shi gaba, [ʀ] ga wanda beli ke karkarwa, [ɹ] kuma ga na Ingilishi wanda harshe ba ya taɓa ko'ina. Kusan kashi uku cikin huɗu na harsunan da masana suka bincika suna da wani nau'i na "r", kuma ra-gare yana daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa, amma duk da haka yana cikin sautukan da yara ke makara wajen iyawa, manya kuma suke shan wahalarsa idan ba su tashi da shi ba.

Wahalar ta samo asali ne daga kuskuren fahimta guda ɗaya. Mai koyo yana zaton cewa shi ne zai riƙa buga harshensa da sauri, alhali aikinsa kawai shi ne ya girka harshen a inda ya dace, ya sassauta tsininsa, ya bar iska ta yi sauran aikin. Matakan da ke tafe duk suna komawa ne ga wannan.

Mataki na farko: ka fara da kunne

Bahaushe yana da sa'ar da Bature mai Ingilishi ba shi da ita, domin ra-gare yana cikin bakinsa tun yana yaro. Matsalarsa ita ce sau da yawa bai san yana da shi ba, saboda rubutun boko da na ajami duka suna rubuta sautuka biyu mabambanta da harafi ɗaya. Na farko shi ne ra-kaɗe, wanda ake naɗe tsinin harshe baya kaɗan sannan a kaɗo shi gaba ya gogi hanƙa sau ɗaya a kan hanyarsa ta sauka, kamar a "ruwa", "rana", "rai" da "gari". Na biyu shi ne ra-gare, wanda tsinin harshe ke tsayawa a hanƙa ba tare da an naɗe shi ba, ya buga sau ɗaya ko ya yi ta karkarwa, kamar a "tara" ta lissafi, "karatu", "rubutu" da "sharri". Kalmomin da aka saba gwada bambancin da su su ne "bara" mai nufin yaron gida, wadda ake furtawa da ra-kaɗe, da "bara" irin ta almajiri, wadda ake furtawa da ra-gare. Ka furta su a jere, sannu a hankali, ka mai da hankalinka kan tsinin harshenka ba kan ma'anar ba. A ta farko za ka ji harshen ya taso daga baya ya wuce, a ta biyu kuwa za ka ji ya tsaya a gaba ya buga.

Akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi. Ka ce "rigar", ko "ranar". Kowace daga cikinsu tana ɗauke da sautukan biyu a cikinta: na farkon kalmar ra-kaɗe ne, na ƙarshenta ra-gare. Yanzu ka yi ƙoƙarin jan na farkon ya yi tsawo, za ka ga ba ya jawuwa, domin kaɗawa ɗaya ce, da ta wuce ta wuce. Sai ka ja na ƙarshen, "rigarrr", za ka iske yana tafiya muddin akwai numfashi a ƙirjinka. Wanda ya iya yin wannan ya riga ya mallaki sautin, abin da ya rage masa shi ne ya san inda zai sa shi da inda zai rage shi. Wanda kuma ya kasa, ko don ya koyi Hausa da girma ne ko don ya tashi a inda aka haɗe sautukan biyu suka zama ɗaya, shi ne ya fi bukatar matakan da ke gaba.

Yana da amfani a san inda ra-gare ke zama a Hausa, domin daga nan ne za a ɗebo kalmomin atisaye. Shi ne ke zuwa a ƙarshen kalma, kamar a "har", "tebur" da "fitar". Shi ne kuma ke zuwa a mafi yawan kalmomin aro daga Larabci da Ingilishi, irin su "rahama", "riba", "ashirin" da "rediyo". Sannan akwai wanda ya samu daga sauyawar wani baƙin, abin da masanin nan Bajamushe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920: idan "t", "d", "ɗ" ko "s" suka faɗo a ƙarshen gaɓa, sukan koma ra-gare. Shi ya sa muke da "farke" amma jam'insa "fatake", muke taƙaita "kada" ta zama "kar", muke ninka "huɗu" ta zama "hurhuɗu", kuma "biyar" ta Kano take "biyat" a bakin Basakkwace. Wannan tarihi yana da fa'ida ga mai koyo, domin yana nuna masa cewa ra-gare ɗan uwan "t" da "d" ne a wurin furuci, ba ɗan uwan ra-kaɗe ba, duk da cewa alƙalami ya haɗa su. Wanda yake shakkar wace "r" ce a wata kalma yana iya duba ƙamusun Hausa da Ingilishi na Paul Newman na 2007, inda ake ɗora wa ra-gare 'yar alama a kai don a bambanta shi.

Mataki na biyu: ka fahimci abin da ke motsa harshen

Ka ɗauki agogo ka ce "ta-ta-ta-ta" iya saurinka. Yawancin mutane ba sa wuce sau shida zuwa takwas a daƙiƙa ɗaya, domin kowane bugu umarni ne dabam da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka. Ra-gare kuwa, idan aka auna shi da na'ura, tsinin harshe yana bugawa ne tsakanin sau 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Babu tsokar harshen da za ta iya wannan da gangan, saboda haka duk wanda ke neman kaiwa ga ra-gare ta hanyar ƙara sauri yana bin hanyar da ba ta ɓullewa.

Ga abin da ke faruwa. Tsinin harshe yana rufe hanyar iska a hanƙa, amma rufewa mai rauni. Iskar da ke tasowa daga huhu sai ta taru a bayansa har ƙarfinta ya rinjayi rufewar, ta ture tsinin ƙasa ta fita. Da ta samu 'yar kafa sai ta wuce da gudu, matsin da ke bayan harshen ya ragu, iskar da ke gudu a matsattsiyar kafa kuma ta jawo tsinin sama, ga shi shi ma yana neman komawa inda aka girka shi. Sai ya sake rufewa, iska ta sake taruwa, abin ya maimaita kansa. Haka bakin mayafin da aka shanya a igiya yake kaɗawa da kansa idan iska ta taso, ba tare da wani ya riƙe shi yana girgizawa ba. A magana ta yau da kullum bugun bai cika wuce biyu ko uku ba, sai idan an ninka baƙin ko an ja shi don ƙarfafawa.

Sharuɗɗan suna da tsauri, kuma wannan ne ya sa sautin ke ƙi. Idan harshen ya yi tauri, iska ba za ta iya ture shi ba, sai a samu "d". Idan kafar ta yi faɗi, iska za ta zuba kawai, sai a ji wani abu mai kama da "z" ko "sh". Idan iskar ta yi kaɗan, ba za ta motsa komai ba. Kafin ka taɓa harshe, ka ɗanɗani wannan da leɓɓanka: ka haɗa su a sake, ka hura, su yi ta karkarwa yadda yara ke kwaikwayon ƙarar babur. Ka lura cewa da zarar ka matse su karkarwar ta mutu, kuma ba kai kake buɗe su kana rufewa ba. Wannan sauti na leɓe, wanda a wurinmu wasan yara ne, baƙi ne cikakke a wasu harsuna, kamar Mangbetu a arewa maso gabashin Kwango da Medumba a yammacin Kamaru.

Mataki na uku: ka girka harshen

A nan ne ya kamata a daɗe, domin mafi yawan waɗanda suka kasa a nan suka kasa. Ka sa tsinin harshenka a bayan haƙoran gaba na sama, ka ja shi baya a hankali. Za ka wuce dasashi, ka hau wani ɗan tudu mai tauri, sannan ka ji rufin bakin ya zurma sama. Wannan tudun shi ne hanƙa, kuma a kansa kake furta "d", "t" da "n". A nan tsinin zai zauna, ba a kan haƙora ba, ba kuma can baya inda ake naɗe shi don ra-kaɗe ba.

Abu na biyu, wanda masu koyarwa da yawa ke tsallakewa, shi ne gefunan harshen. Dole ne su manne da haƙoran tauna na sama, dama da hagu, su toshe hanya ta yadda iska ba ta da mafita sai ta tsakiya, ta kan tsinin. Idan ta sami hanya ta gefe, abin da zai fito "l" ne, kuma shi ya sa yaron da bai iya ba yake cewa "kalatu". Don ka tabbatar, ka girka harshen kamar za ka ce "t", ka shaƙi iska ta baki kaɗan. Idan ka ji sanyi a gefen kumatu, to akwai ɓaraka, sai ka faɗaɗa harshen har sanyin ya koma tsakiya.

Abu na uku shi ne tsakiyar harshen. Ya kamata ta sauka ƙasa ta yi ɗan kwari a bayan tsinin, tushen harshen kuma ya ɗan ja baya, kamar yadda yake idan za ka ce "a" ko "o". Kwarin nan shi ne ma'ajiyar iskar da za ta ture tsinin. Saboda haka harshen yana da hali biyu a lokaci guda: gefuna a ɗaure, tsini a sake. Muƙamuƙi ya ɗan buɗe, gwargwadon yadda ɗan ƙaramin yatsa zai shiga tsakanin haƙora, leɓɓa kuma a bar su yadda suke. Ka toshe hancinka da yatsu biyu ka hura. Idan ka ji iska tana neman fita ta hanci, to hanɗa, wato sashen rufin baki mai laushi da ke can baya, ba ta rufe hanyar hancin ba, kuma ƙarfin da ya kamata ya je ga harshe yana zurarewa ta can.

Mataki na huɗu: iska tukuna, murya daga baya

Kada ka sa murya a gwajin farko. Idan tantanin maƙwallato, wanda ke samar da murya a maƙogwaro, yana ziza, wato yana karkarwa, yana rage yawan iskar da ke isa baki, don haka ra-gare maras ziza ya fi sauƙin tashi. Ka girka harshen, ka cika ƙirji, ka hura da ɗan ƙarfi kamar mai huci, kana barin tsinin ya yi yadda ya ga dama. Da farko wataƙila huci kawai za ka ji. Sai ka riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji: ka matsa tsinin gaba kaɗan ko baya kaɗan, ka ƙara iska ko ka rage, ka sassauta ko ka ɗan ɗaga. Idan ka sauya abubuwa biyu tare, ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Wasu sukan same shi da sauƙi idan suka kwanta rigingine suka ɗan ɗaga haɓa, domin a haka harshen yakan saki jiki.

Idan hurawa kai tsaye ta ƙi, sai a bi ta gadar "t" da "d". Amfaninsu shi ne suna tara iska a daidai wurin da ake bukata. Ka riƙe "t" na ɗan lokaci har ka ji matsin iska a bayan harshe, sannan maimakon ka janye tsinin, ka sassauta shi kawai ka ci gaba da hurawa, "trrr". Wata hanyar kuma ita ce ka maimaita "tada, tada, tada" kana sassauta "d" ɗin a hankali har ya zama taɓawa mara nauyi, sannan ka ƙara masa iska ba tare da ka ƙara sauri ba. Kalmomin amsa-kama na Hausa ma suna taimakawa ƙwarai, domin an saba jan su: tsuntsu ya tashi "firrr", waya ta yi "ƙirrr", an yi "tirrr" da mugun aiki. Mutane da yawa da ke cewa ba su iya ra-gare ba suna furta shi a irin waɗannan kalmomi ba tare da sun lura ba.

Karkarwar farko takan zo ne ba zato, ta yi bugu biyu ko uku ta ɓace. Kada ka bi ta da ƙarfi, domin ƙarfi shi ne ke kashe ta. Ka tsaya, ka tuna inda harshen yake a lokacin, ka sake girkawa. Idan ta fara zuwa a kai a kai, sai ka shigo da murya: ka fara da hucin, a tsakiyarsa ka kunna murya kamar mai gunaguni, ka sa tafin hannu a maƙogwaro don ka ji zizar. Za ka ga dole ka ɗan ƙara iska don karkarwar ta ɗore. Minti biyar sau biyu ko uku a yini ya fi awa guda a zama ɗaya, saboda harshen da ya gaji yana yin tauri, kuma shan ruwa kafin farawa yana taimakawa.

Mataki na biyar: ka kai shi cikin kalma

Iya karkarwa ita kaɗai ba iya magana ba ce. Ka fara da wasulan da suke barin tsakiyar harshe a ƙasa: "arra", "orro", "urru". Ka bar "irri" zuwa ƙarshe, domin "i" yana ɗaga tsakiyar harshen zuwa ganɗa, wato tsakiyar rufin baki mai tauri, ya cike kwarin da ake bukata, shi ya sa "sirri" ta fi "zarra" wuyar garawa. Daga nan ka koma ƙarshen kalma, sannan farkonta, wanda shi ne mafi wuya tunda babu wani sauti a gabansa da zai tara masa iska. Bayan haka sai ka koyi gajarta shi. Ka ce "sharri" da bugu huɗu ko biyar, ka rage zuwa uku, zuwa biyu, ka kuma koyi tsayar da shi a bugu ɗaya kamar a "tara". Wanda bai iya ragewa ba zai riƙa magana kamar mai shela a kasuwa.

Ka naɗi muryarka a waya, domin abin da mutum ke ji daga cikin kansa ba shi ne abin da wasu ke ji ba. Ɗalibin ilimin harsuna kuwa ya kamata ya ga abin da idonsa. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, kyauta ce. Idan ka buɗe hoton sautin "sharri" a cikinta, kowane bugu zai bayyana a matsayin siririn farin layi a tsaye, sai ka ƙirga su. Ka gwada da "rigar", za ka ga layi ɗaya a farko, da yawa a ƙarshe idan ka ja.

Mataki na shida: ka san ma'aunin kowane harshe

Harsuna ba su yi tarayya a kan yawan garawar da suke so ba, kuma a ganina a nan ne Bahaushe ya fi bukatar kulawa, domin yakan kai ma'aunin Hausa ko'ina.

Sifaniyanci ne ya fi tsananta bambanci tsakanin bugu ɗaya da garawa. "Pero" tana nufin "amma", "perro" kuwa kare ne. "Caro" abu ne mai tsada, "carro" kuma abin hawa. A tsakanin wasula rubutu yana nuna bambancin da ninka harafi, amma a farkon kalma, kamar "rojo" da "rosa", da kuma bayan "n", "l" ko "s", kamar "honra", ana gara shi sosai duk da cewa harafi ɗaya aka rubuta. Abin da Bahaushe zai kiyaye shi ne kada ya sa ra-kaɗe a "pero": "r" ɗin "tara" ta lissafi ake so, ba na "gari" ba. Italiyanci ma yana da "caro" da "carro", sai dai a can lamarin na tsawon baƙi ne, kamar yadda ake ninka kowane baƙi a harshen, abin da ba baƙo ba ne ga mai cewa "sharri". Albaniyanci da Armeniyanci su ma sun raba sautukan biyu, har Armeniyawa suka ba kowanne harafinsa.

Larabci ya cancanci a tsaya a kansa, tunda da yawa daga cikinmu a allo muka fara haɗuwa da "ra". Tun ƙarni na 8 Sibawaihi, malamin nahawu na Basra, ya siffanta wannan harafi da cewa mai maimaituwa ne, kuma malaman tajwidi suna lissafa takriri, wato wannan maimaituwar, a cikin siffofinsa. Amma suna koyar da siffar ne don a san ta a kiyaye wuce gona da iri, musamman idan harafin yana da shadda, kamar yadda Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429, ya yi umarni da a ɓoye maimaituwar. Ma'ana, a "Ar-Rahman" ba a sakin harshe ya yi ta bugawa har a ji kamar haruffa da yawa ne, ba a kuma danne shi har sautin ya toshe. Ana manna tsinin da sauƙi, a bar 'yar kafa sauti ya gudana. Ga kuma batun kauri da siranta: idan "ra" tana da fataha ko rufu'a ana kaurara ta, ana ɗaga bayan harshe, idan kuma tana da kisira ana sirantar da ita. Wannan kuwa daga bakin malami ake ɗaukarsa, rubutu ba ya wadatarwa.

Rashanci yana da ra-gare iri biyu, mai tauri da mai laushi, wanda ake ɗaga tsakiyar harshe zuwa ganɗa yayin furta shi. "Rad" na nufin mai farin ciki, "ryad" kuma jeri. Saboda dalilin da aka ambata game da "i", mai laushin yakan tsaya a bugu ɗaya ko a bakin Rashawan kansu, don haka kada mai koyo ya wahalar da kansa. Harshen Cek ya fi kowa kai abin nesa: yana da ra-gare da ke zama a matsayin wasali, kamar a "krk" mai nufin wuya da "prst" mai nufin yatsa, sannan yana da "ř", wanda ke cikin sunan mai tsara kiɗan nan Dvořák, inda ake ƙara matse kafar har garawa da zuza, wato ƙarar gogar iska irin ta "z", su fito tare. Hanyar koyonsa ita ce a fara gara "r" sannan a haɗa haƙora a hankali ba tare da an tsayar da karkarwar ba. Hucin nan maras murya da ka fara da shi a mataki na huɗu shi ma baƙi ne mai zaman kansa a harshen mutanen Wales, inda ake rubuta shi "rh" kamar a sunan kwarin Rhondda. Mutanen Toda na tsaunukan Nilgiri a kudancin Indiya kuwa suna da ra-gare har iri shida.

Faransanci da Jamusanci labarinsu dabam ne, kuma ya shafi ɗaliban Nijar, Cadi da Kamaru kai tsaye. A da Faransawa da tsinin harshe suke gara "r", kafin na maƙogwaro ya bazu daga birnin Paris tun wajen ƙarni na 17 da na 18. A Jamus ma ƙa'idar furucin dandamali da Theodor Siebs ya fitar a 1898 ta tsinin harshe ta wajabta, kuma har yau ana jin sa a yankin Bavariya. Na beli ana yin sa ne da ɗaga bayan harshe har beli ya kwanta a kansa ya yi ta karkarwa, tsinin harshen kuwa yana kwance a bayan haƙoran ƙasa, kuma kurkurar maƙogwaro da ɗan ruwa ita ce hanyar jin wurin. Wanda wanzami ya cire wa beli yana jariri ba zai sami wannan karkarwar yadda take ba, amma hakan ba zai hana shi Faransanci ba, domin abin da mafi yawan Faransawa ke furtawa a yau zuza ce mai kama da "gain" ta Larabci, ba garawa ba. Ban da haka, miliyoyin masu Faransanci a Afirka ta Yamma da tsinin harshe suke furta "r" ɗinsu, kuma ana fahimtarsu sarai. Ingilishi shi ne akasin duka: a mafi yawan karorinsa harshe ba ya taɓa hanƙa ko kaɗan, sai a wasu sassan Sikotland da ake jin bugun.

Idan sautin ya ƙi zuwa

Game da yara, haƙuri ne kan gaba. A ƙasashen da ake Sifaniyanci ra-gare yana cikin sautukan ƙarshe da yaro ke iyawa, wasu sai sun kai shekara 6 ko 7, kuma haka "ř" take ga yaran Cek. Yaro ɗan shekara 4 da ke cewa "biyal" ba shi da wata larura, kuma yi masa dariya ko tilasta masa maimaitawa a gaban baƙi ba abin da zai ƙara masa sai taurin harshe. Abin da ya fi shi ne a maimaita masa kalmar daidai cikin hira, a kuma yi wasan ƙarar babur da na "firrr" tare da shi.

Akwai kaɗan da matsalarsu ta halitta ce, wato linzamin da ke ƙarƙashin harshe ya yi gajarta har tsinin ba ya iya kaiwa hanƙa. Gwajinsa shi ne mutum ya buɗe baki rabi ya ɗaga tsinin ya taɓa bayan haƙoran sama, sannan ya zaro harshen waje. Idan ya kasa kaiwa, ko tsinin ya lotsa a tsakiya lokacin zarowa, to a je asibiti likita ya duba, kada a kai wa wanzami ya yanka, domin akwai jijiyoyin jini a wurin. Wanda kuwa yake furta "t", "d", "n" da "l" ba tare da matsala ba, harshensa yana kaiwa inda ake bukata, saboda haka ya koma mataki na uku ya sake duba gefunan harshen da kwarin tsakiyarsa. Idan yaro ya haura shekara 7 tsamin bakin bai sake shi ba, musamman idan ya haɗa da wasu sautukan, a fara da gwada jinsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, daga nan za a iya tura shi wurin masu gyaran magana.